Babi na Bakwai: Sabuwar Manhaja, Tsohon Kunne

A shekarar 2014 wani kamfanin kayan sauti mai suna PS Audio, da ke garin Boulder a jihar Kolorado ta Amurka, ya fitar da wata na'ura da ya kira DirectStream a kan dala 5,995. Aikinta guda ne: ta karɓi lambobin da ke cikin faifan CD ko kwamfuta, ta mayar da su lantarkin da zai kaɗa lasifika. Irin wannan na'ura ita ake kira DAC, kuma duk mai wayar hannu yana yawo da 'yar ƙaramarta a aljihu, wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Abin da ya fitar da DirectStream daban shi ne alkawarin da aka sayar da ita da shi, cewa na'urar da ka saya bana za ta ci gaba da gyaruwa tana zaune a kan kantarka.

Kamfanin bai saɓa ba. Daga 2015 ya riƙa sakin sabuwar manhajar cikin na'urar kyauta, kowace da sunan ɗaya daga cikin duwatsun Kolorado da tsayinsu ya haura ƙafa 14,000: Pikes Peak, sai Yale, sai Torreys, Huron, Redcloud, Snowmass, Windom, har zuwa Sunlight a 2021. Mai na'ura zai sauke fayil daga intanet, ya zuba a katin memori, ya kashe na'urar ta baya, ya cusa katin, ya kunna, ya jira fitilar gaba ta gama ƙyaftawa. Ba a kwance noti ko ɗaya ba, ba a taɓa waya ba. Amma kafin gari ya waye, mayun sauti daga Amurka har Jamus da Japan sun fara ba da labarin abin da suka ji.

Labarin kusan iri ɗaya ne kowane karo. Wani ya ce kamar an yaye wani mayafi da ke tsakaninsa da mawaƙiya. Wani ya ce shirun da ke tsakanin bugu da bugu ya ƙara duhu. Wani ya ce makaɗan sun ja baya sun bazu, har yana iya nuna inda kowanne yake tsaye. Sauti mai kauri ya daina yaɗuwa, ya tsaya cak. Siririn sauti ya daina soka kunne. Akwai kuma masu ƙorafi. Lokacin da Pikes Peak ta fito, wasu sun ga ta yi kaifi da yawa, suka koma wa tsohuwar manhajarsu. Akwai ma masu cewa sabuwar manhaja sai ta kwana biyu tana aiki kafin ta nuna, don haka kada a yanke mata hukunci a daren farko.

Na daɗe ina sauraron ɓangarori biyu da ke jayayya a kan irin wannan labari. Ɓangare ɗaya na cewa lamba lamba ce, duk abin da aka ce an ji ruɗun zuciya ne. Ɗayan na cewa kunne shi ne alƙali, na'urar awo ba ta san kiɗa ba. Ina ganin duka biyun sun yi gaggawa. Sabunta manhajar DAC yana iya sauya sauti da gaske, kuma wannan ne ya sa lamarin yake da wuyar sha'ani. Sai dai yadda ake yin sabuntawar ya ƙwace wa mai sauraro duk wani makami da zai tabbatar da abin da ya ji.

Bari mu fara da na'urar. Faifan CD, wanda Sony da Philips suka fito da shi a 1982, yana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kuma kowane awo lamba ce guda daga cikin matakai 65,536. Lissafin da Harry Nyquist ya aza harsashinsa a 1928, Claude Shannon ya fayyace a 1949, ya nuna cewa wannan awo ya isa a dawo da duk sautin da kaɗawarsa ba ta kai rabin adadin ba, wato 22,050 a daƙiƙa. Kunnen yaro mai lafiya kuwa a wajen 20,000 yake tsayawa. Amma lissafin ya zo da sharaɗi. Dole a sami matata wadda za ta bar duk abin da ke ƙasa da wannan iyaka ya wuce sumul, ta datse duk abin da ke sama. Cikakkiyar matata irin wannan tana buƙatar lissafi marar ƙarshe, saboda haka babu na'urar da ke da ita a duniya. Kowane injiniya kusantarta yake yi, kuma kowa da hanyar da ya bi. Rob Watts, mai tsara na'urorin kamfanin Chord a Ingila, ya bi ta tsawaitawa, har na'urarsa mai suna DAVE tana da matakan lissafi 164,000 a matatarta. Wasu sun bi ta gajartawa da gangan.

Ɗauki bugun kalangu guda, daidai lokacin da sanda ta sauka a kan fata. Wata matatar za ta bar 'yar rawa ƙanƙanuwa kafin bugun da kuma bayansa. Wata za ta share ta gaba ɗin, ta tara rawar duka a baya, amma sai ta ɗan jinkirta siraran sautuka. Mayun sauti sun sha muhawara a kan wannan rawa ta gaban bugu, suna cewa ai a duniya ba a jin amo kafin a yi duka. Maganar tana da daɗin ji, sai dai rawar tana faruwa ne a wajen kaɗawa 22,000 a daƙiƙa, inda kunnen mai shekara hamsin ya daɗe da sallama. Abin da aka fi iya ji shi ne wani abu na kusa da wannan: matata mai sassauci tana fara rage siririn sauti tun kafin iyaka. Na'urar da aka cire wa matata ɗungurungum takan rasa kimanin desibel 3 (desibel ma'aunin ƙarar sauti ne) a kaɗawa 20,000, kuma raguwar tana farawa tun daga ƙasa, a inda kunne ke ji. Idan sabuwar manhaja ta sauya matata daga wannan zuwa waccan, wanda ya ce sautin ya yi laushi ko ya yi kaifi yana iya kasancewa ya faɗi abin da na'urar awo ma za ta nuna.

Akwai wani gyaran da ya fi wannan fitowa fili. Yawancin waƙoƙin zamani ana cika musu ƙara a situdiyo har lambobinsu su taɓo rufi. Idan matata ta zo cike gurbin da ke tsakanin awo biyu, sai ta tarar ainihin ƙololuwar sautin ta haura rufin. Na'urar da ba a bar mata sarari a lissafi ba sai ta gutsure kan ƙololuwar, ya fito da ɗan kaushi. 'Yan layukan manhaja suna iya magance wannan.

Yawancin na'urorin DAC suna amfani da cif da aka saya gamamme daga kamfanoni irin su ESS ko AKM. Irin wannan cif kamar bugaggen littafi ne, abin da aka buga a ciki shi ke nan, iyakacin manhaja ta zaɓi shafin da za a buɗe. Ted Smith, tsohon injiniyan Microsoft da ya tsara DirectStream, ya yi amfani da wani nau'in cif da ake kira FPGA, shi kuma allo ne: a wanke, a sake rubutu. Duk lokacin da aka cusa katin memori, hanyoyin lantarkin da ke cikin cif ɗin ake sake shimfiɗawa. Na'urar tana mayar da duk abin da ya shigo cikinta zuwa tsarin DSD, inda lamba ba ta wuce ɗaya ko sifili, amma tana zuwa sau miliyoyi a daƙiƙa. Ainihin tsarin, wanda aka yi wa faifan SACD na 1999, sau 2,822,400 ne. Lamba mai mataki biyu kacal tana zuwa da hayaniya mai yawan gaske, kuma dabarar ita ce a yi amfani da lissafi a tura hayaniyar can sama inda kunne ba ya kaiwa. Yadda ake turawar, da nisan da ake kai ta, da abin da ke saura a ƙasa, duk rubutu ne a kan allon. Kamfanin dCS na Kambirij ma ya sha sauya wa na'urorinsa irin wannan lissafi ta hanyar manhaja. Saboda haka wanda ya ce sabuntawa ba za ta taɓa sauya komai ba, bai duba cikin akwatin ba.

Amma akwai wani ɓangare na labarin PS Audio da ya fi tsaya mini a rai. Kamfanin ya bayyana cewa idan Smith ya gama rubuta sabuwar manhaja, yakan fitar da ita kala-kala. Lissafin ɗaya ne a dukansu, lambobin da ke fitowa ɗaya ne, bambancin kawai shi ne inda kwamfuta ta ajiye kowane yanki a cikin cif ɗin. Sai shugaban kamfanin, Paul McGowan, da abokan aikinsa su zauna su saurara, su zaɓi wadda ta fi musu daɗi. Hujjarsu ita ce shimfiɗar da ta bambanta tana haifar da hayaniyar lantarki da ta bambanta, wadda ke iya girgiza agogon da ke tsara lokacin kowane awo a cikin na'urar ko ta ɗiga cikin sautin. A ilimin lantarki wannan ba tatsuniya ba ce, yana yiwuwa. Tambayar ita ce girmansa. Abin da ke yiwuwa a kan takarda yana iya zama ƙasa da abin da kunne ke kamawa sau ɗari. A daidai nan ne ya kamata a ce an fito da awo, ko an yi gwajin da mai sauraro bai san wacce ake kunna masa ba. Idan babu ɗaya daga cikin biyun, abin da ke hannunmu shaidar mutane ce da suka san abin da suke nema.

To, mu koma kan kujerar mai sauraro.

Abu na farko da ke cin amanarsa shi ne lokaci. Ƙwaƙwalwa tana riƙe ainihin launin sauti na 'yan daƙiƙoƙi ne kawai. Bayan nan abin da ya rage bayani ne, irin su "ya yi kaifi" ko "ya yi nauyi", sautin kansa ya tafi. Shi ya sa ƙa'idar BS.1116 ta hukumar sadarwa ta duniya, ITU, wadda aka tsara don gwada ƙananan bambance-bambancen sauti, ta tanadi mai sauraro ya iya sauyawa daga wannan zuwa wancan nan take. Mai sabunta manhaja kuwa sai ya tashi, ya zagaya bayan kanta, ya kashe, ya kunna, ya jira mintuna. Ya dawo ya zauna, kansa ya gusa da 'yan yatsu daga inda yake ɗazu, kuma a cikin ɗaki wannan kaɗai ya isa ya sauya siririn sautin da ke isa kunnensa. Abin da yake kwatantawa shi ne sautin yanzu da tunanin sautin ɗazu.

Na biyu ƙara. Tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson na ɗakin binciken Bell suka nuna cewa kunne ba ya jin kowane sauti daidai a kowane matakin ƙara. Idan aka ƙara kaɗan, mai kauri da siriri sukan fi fitowa. Ƙarin da bai kai desibel ɗaya ba, mutum ba ya jin sa a matsayin ƙara. Yakan ji shi a matsayin cika, ko tsabta, ko kusanci. Shi ya sa masu gwaji na gaskiya ke daidaita ƙarar na'urori biyu har bambancinsu kada ya wuce desibel 0.1, wato kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfin lantarkin. Sabuwar manhaja da ta taɓa lissafi tana iya gusar da ƙarar ba tare da lambar da ke kan fuskar na'urar ta motsa ba.

Na uku shi ne ya fi ƙarfi, kuma shi ne mutane suka fi ƙin a faɗa musu, don suna ɗauka ana cewa ƙarya suke yi. A 1976 Harry McGurk da John MacDonald suka buga wani bincike a mujallar Nature. Sun haɗa muryar da ke cewa "ba" da hoton leɓen da ke cewa "ga", sai yawancin mutane suka ji "da". Ko an bayyana maka dabarar, da zarar ka kalli leɓen sai ka sake jin "da". Ka rufe ido, "ba" ta dawo. Gani ya kori ji, in ji Hausawa, kuma a nan ba misali ba ne. Ƙwaƙwalwa ba ta miƙa maka abin da ya shiga kunne tsirara. Sai ta gauraya shi da abin da ka gani da abin da ka sani. Mutumin da ya karanta bayanin kamfani, ya ji yabon waɗanda suka riga shi, ya yi makonni yana jiran ranar, idan ya ce mayafi ya yaye, ya ji hakan da gaske. Abin da bai sani ba shi ne daga ina yayewar ta zo.

Floyd Toole da Sean Olive sun gwada wannan a kamfanin Harman, suka gabatar da sakamakon a 1994. Mutane ɗaya, lasifikoki ɗaya, sau ɗaya ana gani, sau ɗaya a bayan labule. Da ana gani, manyan lasifikoki masu tsada da kyan katako suka sami maki fiye da na bayan labule, kuma ƙwararrun masu sauraro ba su tsira ba. Amma abin da ya fi ba ni tsoro a binciken wani ne. A bayan labule, da aka sauya wa lasifika wuri a ɗakin, makin ya sauya sosai, domin sautin ya sauya da gaske. Da ana gani, sauya wurin bai motsa makin ba sai kaɗan. Wato sanin abin da kake saurare yana iya sa ka ji abin da babu, yana kuma iya toshe maka abin da ke akwai. Wannan ya shafi mai shakka kamar yadda ya shafi mai yabo: wanda ya zauna da yaƙinin cewa ba zai ji komai ba, shi ma ba zai ji ba.

Akwai na huɗu, wanda ban cika jin ana ambata ba, kuma a ganina shi ne asalin yawancin daɗin da ake ji. A daren sabuntawa mutum yana saurare irin sauraron da ya yi watanni bai yi ba. Ya ajiye waya, ya jira gida ya yi tsit, ya zauna a tsakiya, ya ɗauko faifan da ya fi sani, ya kasa kunne yana neman sabon abu. Dole ya samu. Numfashin da mawaƙiya ta ja kafin baiti na biyu yana cikin faifan tun ranar da aka ɗauke shi. Yau ne aka neme shi. Ba na raina wannan ko kaɗan. Dare guda na cikakken sauraro abu ne mai daraja, kuma idan katin memori ne ya jawo shi, ya yi aiki. Illa dai a san wa za a gode wa. Haka nan maganar cewa manhaja sai ta kwana biyu kafin ta nuna: lissafi ba ya nuna kamar mangwaro, yadda ya fara aiki a daƙiƙar farko haka zai yi bayan shekara. Na'urar da aka kashe tana iya buƙatar ɗan lokaci ta koma zafinta, sauran kuma sabon kunne ne.

Hanyar raba gardama sananniya ce. Ana kiranta ABX, kuma David Clark ya yaɗa ta a tsakanin injiniyoyin sauti a 1982. A ba ka A, a ba ka B, sannan a ba ka X, ka faɗi wanne ne daga ciki, ba tare da kai ko mai kunnawa kun sani ba. Idan aka yi sau 16 ka ci 12, yiwuwar a ce sa'a ce ba ta kai 4 cikin 100 ba. Irin wannan gwaji yakan ƙasƙantar da kowa. A 2007 Brad Meyer da David Moran suka sa mutane su bambance sautin faifai masu babban inganci da sautin nan bayan an rage shi zuwa matakin CD. Cikin gwaji 554 an ci 276, daidai da jefa kwabo. A 2016 kuma Joshua Reiss na jami'ar Queen Mary da ke Landan ya tattara bincike 18 a kan wannan batu, ya ga akwai ɗan bambanci na gaske da ake iya ji, ƙarami ƙwarai, wanda ke ƙaruwa idan an horar da mai sauraro. Ina son a riƙe sakamakon biyu tare. Ƙananan bambance-bambance suna nan, amma ba su yi kama da yaye mayafi ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da ke damuna game da jerin duwatsun nan. Masu sharhi sun yabi DirectStream tun fitowarta ta farko. Sannan aka sami sabuntawa takwas, kusan kowace aka ce babban tsalle ce. In da tsallen takwas duk manya ne, to ta farkon ba ta cancanci yabon da ta sha ba. In kuwa ta cancanta, to wasu tsallen taku ne. Ina yaba wa kamfanin da ya yi shekara bakwai yana yi wa tsohuwar na'ura hidima kyauta, a kasuwar da aka saba a sauya fenti a ce ka sayi sabuwa. Amma wanda ya biya dala dubu shida ya cancanci a ba shi takarda mai nuna awon kafin sabuntawa da na bayanta: an taɓa matata ko ba a taɓa ba, ƙara ta gusa da nawa, hayaniya ta sauka da nawa kuma a ina. Duk kamfanin da ke iya rubuta manhajar FPGA yana da kayan wannan awo a kan tebur.

Mai na'ura ma yana da abin yi. Gwaji mafi tsabta yana buƙatar na'urori biyu iri ɗaya, a fara tabbatar da cewa ba a bambance su idan manhajarsu ɗaya, sannan a sabunta guda. Wannan sai dillali ko ƙungiyar abokai. Mai na'ura ɗaya zai iya kunna sautin gwaji mai kaɗawa 1,000, ya auna ƙarfin lantarkin da ke fita da mitar da masu gyaran rediyo ke amfani da ita, kafin sabuntawa da bayanta. Zai iya naɗar waƙa guda daga bakin na'urar zuwa kwamfuta sau biyu, da tsohuwar manhaja da sabuwa, ya daidaita ƙararsu, ya sa wani ya riƙa juya masa su bai sani ba. Naɗin yana da nasa iyaka, domin na'urar naɗin ma tana da nata launi, amma launin iri ɗaya ne a duka biyun. Kuma ya adana tsohon fayil ɗin. Idan ya ci gwajin, ya tabbatar akwai bambanci, amma gwajin bai ce sabuwar ta fi ba. Waɗanda suka koma wa tsohuwa bayan Pikes Peak suna da 'yancin zaɓinsu.

Duk wannan ce-ce-ku-ce a kan ɓurɓushin desibel ake yi. A ɗakin da na'urar take kuwa, bango da rufi da siminti suna ɗaga wani sauti mai kauri su danne wani da desibel 10 ko fiye, kuma janye lasifika taki ɗaya daga kusurwa yana sauya wannan nan take. Ɗakin shi ne batun babi na gaba.